Shin laccar yaƙi da ƙwaya a makarantu tana hana yara shaye-shaye?

Duk wanda ya yi sakandare a Najeriya cikin shekarun nan ya san yadda ranar take kasancewa. A kaɗa ƙararrawa, a tara ɗalibai a filin taro, baƙi su iso cikin kayan sarki. A ɗaga hoton huhun da hayaƙi ya ƙone da na matashin da ya zauce yana yawo a bola, a jero sunaye: wiwi, kodin, tiramol, sholisho. Wani lokaci a zo da wanda ya taɓa shaye-shaye ya daina, ya ba da labarin yadda ya riƙa sace kayan gidansu yana sayarwa. Daga ƙarshe ɗalibai su ɗaga hannu su yi alkawari, a ɗauki hoto, kowa ya koma aji.

Washegari hoton zai fito a Facebook tare da adadin ɗaliban da aka wayar wa da kai. Abin da ba ya fitowa shi ne abin da ya faru da su bayan shekara ɗaya ko biyu. Nawa ne daga cikinsu suka ƙi karɓa ranar da aboki ya miƙo musu kwalba a bayan shago? Kuma da ba a yi laccar ba, da adadin ya bambanta?

Tambayar ba ta raina ƙoƙarin kowa ba ce. Matsalar tana da girman da ya sa ba za a yi ta kashe kuɗi da lokacin karatu a kan abin da ba a auna ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya cikin shekara ɗaya kafin binciken, ban da giya da taba sigari. Wato kashi 14.4 cikin 100. Masu shan wiwi miliyan 10.6, masu shan tiramol da danginta ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16, mutum sama da miliyan ɗaya.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan wani rahoton binciken ƙwaƙwaf na BBC. A ranar 26 ga Yunin 2021 kuma aka ƙaddamar da gangamin WADA na hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa, wanda ke kai lacca makarantu da masallatai da majami'u da kasuwanni da tashoshin mota. Amma tun kafin Najeriya ta shiga wannan hanya gadan-gadan, akwai ƙasar da ta bi ta har ƙarshe, ta kuma ajiye lissafi.

Darasin da Amurka ta saya da tsada

A 1983 rundunar 'yan sandan Los Angeles, ƙarƙashin shugabanta Daryl Gates, ta haɗa kai da hukumar makarantun birnin suka ƙirƙiro wani shiri mai suna DARE, wato ilimin bijire wa shan ƙwaya. Ɗan sanda cikin kaki ne zai riƙa shiga ajin 'yan shekara 10 zuwa 12 sau ɗaya a mako, ya ba da darasi 17 a kan illar ƙwaya da yadda ake cewa a'a. A ƙarshe a yi bikin yaye yara, a raba riguna da takardun shaida.

Shirin ya samu karɓuwa ta ban mamaki. Iyaye suna so, 'yan sanda suna so, 'yan siyasa suna so. A lokacin da yake ganiyarsa ya shiga kusan kashi 75 cikin 100 na gundumomin makarantun Amurka, ya kuma tsallaka zuwa gomman ƙasashe.

Sai masu bincike suka fara bin sawun yaran.

A 1994 wata mujallar kiwon lafiyar al'umma ta Amurka ta buga nazarin da ya tattara bincike takwas a kan shirin. Sakamakon shi ne yaran sun ƙaru da sani, amma tasirin shirin a kan shan ƙwaya ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai na shirye-shiryen da ake barin yara su tattauna a junansu ba. A 1999 masana a Jami'ar Kentucky suka koma kan matasa kimanin 1,000 da suka kai shekara 20, shekara goma bayan wasunsu sun yi DARE a aji shida. Ba su ga bambanci tsakanin waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba, ko a sigari, ko a giya, ko a wiwi. Wani binciken na shekara shida a Jihar Illinois ma ya gano cewa a unguwannin bayan gari, yaran da suka yi shirin sun ɗan ɗara sauran shan ƙwaya. A 2003 ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka ya duba dogayen bincike shida, ya kai ga matsaya guda: babu wani bambanci na a zo a gani.

Shekara ashirin ke nan ana abu ɗaya, kowa yana tafi. Sai a 2009 masu DARE suka ajiye tsohuwar manhajarsu ta ƙaramar sakandare suka ɗauki wata da masana jami'a suka tsara.

Ba a makaranta kaɗai aka yi tuntuɓen ba. Daga 1998 zuwa 2004 gwamnatin Amurka ta kashe sama da dala biliyan ɗaya a kan tallace-tallacen gargaɗin matasa a talabijin da rediyo da jaridu. Masu binciken da gwamnatin da kanta ta ɗauka su auna aikin ba su ga ya rage shan wiwi ba. Sun ma ga alamun cewa yaran da suka fi ganin tallan sun fi zaton kowa yana sha.

Me ya sa tsoratarwa ba ta cin su?

Wannan zato na "ai kowa yana yi" shi ne inda gizo ke saƙar. Yaro ɗan shekara 13 ba tsoron mutuwa ne ke tafiyar da shi ba, tsoron a bar shi a baya ne. Idan babban mutum ya tsaya a gabansa ya ce ƙwaya ta gama da matasa, kowane lungu ana sha, abin da kunnen yaron ke ɗauka shi ne: ashe ni kaɗai na rage. Alhali ko a Kano, inda adadin ya kai kashi 16, ma'anarsa ita ce mutum 84 cikin 100 ba su taɓa komai ba a shekarar. Wannan adadi na biyu ba kasafai ake jin sa a filin taro ba, kuma shi ne ya fi amfani ga yaro.

Sai kuma maganar gaskiya. Mai lacca ya ce wanda duk ya zuƙi wiwi sau ɗaya ya haukace. Yaron kuwa ya san wani a layinsu da ya shekara biyar yana sha, yana tuƙa a-daidaita-sahunsa, yana cefane. Da zarar ya kama babba da ƙari a magana ɗaya, sauran maganar ta tashi a banza, har da wadda take gaskiya tsantsa, kamar cewa tiramol mai ƙarfi tana jawo farfaɗiya, tana kuma iya tsayar da numfashi idan aka haɗa ta da wasu ƙwayoyin.

Jero sunayen ƙwayoyi da nuna kamanninsu ma yana iya komawa talla. Yarinyar da ba ta taɓa sanin cewa maganin tari yana bugarwa ba, ta fita daga taron ta sani. Shi ma tubabben da ake kawowa ya ba da labari, duk da kyakkyawar niyyarsa, yana tsaye ne a gabansu lafiya lau, sanye da sabuwar shadda, manya suna tafa masa. Wani yaron darasin da zai ɗauka shi ne ana shiga a fita.

Shi ya sa kundin ƙa'idojin rigakafin shan ƙwaya da UNODC ta fara fitarwa a 2013, ta kuma sabunta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, ya lissafa waɗannan hanyoyi cikin abubuwan da ba sa haifar da komai ko suke haifar da akasin abin da ake so: lacca zalla, ba da bayani kawai musamman na tsoratarwa, da kawo tsofaffin mashaya su ba da shaida. Duk wanda ya karanta jerin zai ga kamar an zana masa ranar wayar da kai ta makarantarsu.

Wanda aka gwada a Najeriya

Wannan ba ya nufin makaranta ba ta da abin da za ta iya. Babban nazarin ƙungiyar Cochrane na 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 50, ya nuna cewa shirye-shiryen da suka haɗa abu biyu, koyar da dabarun zaman duniya da koyar da yadda ake tsayawa a gaban matsin abokai, suna rage shan ƙwaya. Ragin ba shi da yawa, amma yana maimaita kansa daga gwaji zuwa gwaji.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Unplugged. Darasi 12 ne, kowanne kimanin awa ɗaya, na yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Ba baƙo ne ke koyarwa ba, malamin makarantar ne, bayan ya samu horon kwana biyu da rabi zuwa uku. Ba a zama a yi shiru. Ana raba yara rukuni-rukuni, su yi wasan kwaikwayo: wannan ya miƙa sigari, wancan ya nemi hanyar ƙin karɓa ba tare da ya rasa abokin ba. A wani darasin a ce kowa ya ƙiyasta yara nawa cikin 100 na sa'anninsa ke shan taba, sannan a nuna musu adadin gaskiya, wanda galibi bai kai abin da suka zata ba. Akwai darasi a kan yadda mutum zai faɗi abin da ke ransa, da yadda zai yi da baƙin ciki, da yadda zai yanke shawara.

An fara gwada shi a ƙasashen Turai bakwai a shekarar karatu ta 2004 zuwa 2005, da ɗalibai kimanin 7,000, inda aka yi ƙuri'a wajen zaɓar makarantun da za su yi da waɗanda ba za su yi ba. Bayan wata uku an ga raguwar kusan kashi 30 a masu shan sigari kullum da masu buguwa da giya, da raguwa a shan wiwi. Bayan shekara ɗaya da rabi tasirin sigarin ya dushe, na giya da wiwi ya ci gaba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne an yi irin wannan gwaji a Najeriya. Ƙarƙashin wani shiri da Tarayyar Turai ta ba da kuɗi, UNODC ta aiwatar tare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da NDLEA da NAFDAC, an daidaita darussan da yanayin ƙasar, aka gwada su a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya 32 a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, da ɗalibai kimanin 4,000. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa shan giya ya ragu a makarantun da suka yi shirin idan aka kwatanta da sauran, zaton cewa kowa yana sha ya ragu, zaman lafiyar aji ma ya ƙaru.

Wannan abin a yaba ne, domin ba a cika samun shirin makaranta a Afirka da aka auna da irin wannan ma'auni ba. Amma akwai iyaka. Watanni kaɗan aka bi yaran, kuma su ne da bakinsu suka faɗi abin da suke sha a takardar da ba suna. Sannan inda aka fi ganin nasarar giya ce. A Kano ko Katsina ko Gusau, abin da ya fi hana iyaye barci shi ne wiwi da maganin tari da ƙwayoyin da ake saya a kemis ɗin bayan layi.

Kuma ɗauko shirin da ya yi aiki a wani wuri ba shi ne samun nasara ba. Brazil ta ɗauki wannan Unplugged ɗin ta sauya masa suna da wasu darussa, musamman na giya. Da aka gwada a makarantu 72, sai aka ga yaran da suka yi shirin sun fi saurin fara shan giya, ko da yake sun rage fara shaƙar abubuwa irin su sholisho. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai da suka koma suka gyara darussan. Abin lura shi ne sun gane kuskuren ne kawai saboda sun auna.

Wani shirin da ko sunan ƙwaya ba a ambata a cikinsa ya ba da sakamakon da ya fi ba da mamaki. A tsakiyar shekarun 1980, a birnin Baltimore, an gwada wani wasa a ajin 'yan firamare ɗaya da biyu: a raba aji gida-gida, rukunin da ya kiyaye dokokin aji ya samu 'yar lada. Da aka nemo yaran suna da shekara 19 zuwa 21, sai aka tarar a cikin maza, matsalar kamuwa da shaye-shaye a waɗanda suka yi wasan ta kai kusan rabin ta waɗanda ba su yi ba. Bahaushe ya daɗe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da binciken ya ƙara shi ne tanƙwarawar ba da bulala aka yi ta ba.

Waɗanda ba sa cikin ajin

Ko da an samu manhaja mai kyau, akwai katangar da ba za ta tsallake ba. UNICEF ta daɗe tana cewa yara kimanin miliyan 10.5 da suka isa firamare ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Ƙiyasin UNESCO na 2022, wanda ya haɗa da 'yan shekarun sakandare, ya kai kusan miliyan 20. Yaron kanikanci, da mai tura baro a kasuwa, da mai jari-bola, da yarinyar da aka cire daga aji uku aka yi wa aure, babu ɗayansu da ke filin taro ranar lacca.

Dalilin shansu ma daban ne. Matashin da ke sauke buhuna daga tirela ko yake haƙar ma'adinai ba don burge aboki yake haɗiyar tiramol ba, don ya iya kai wa yamma ne. Ƙarfin da aka amince a sayar a Najeriya shi ne miligiram 50 da 100, amma wadda jami'ai ke yawan kamawa a tashoshin jiragen ruwa mai 225 ce ko 250. Koya wa irin wannan matashi yadda ake cewa a'a bai taɓa ciwon bayansa ba.

Ƙasar da ake yawan kafa misali da ita a nan ita ce Aislan. A 1998, kashi 42 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya koma kashi 5. Masu shan sigari kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Ba ƙara lacca suka yi ba. Sun sa dokar hana yara 'yan 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe 10 a lokacin sanyi, suka sa iyayen kowace makaranta su yi yarjejeniya a junansu, suka ba iyalai tallafin kuɗin wasanni da kiɗa da sauran abubuwan yi bayan an tashi makaranta, suna kuma yi wa yaran tambayoyi a kai a kai su miƙa wa kowace unguwa sakamakonta. Gaskiya ne ƙasar ba ta kai mutum 400,000 ba a lokacin, wato ba ta kai wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba, kuma shan giyar matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma a wannan tsakani. Duk da haka, tambayar da suka yi wa kansu tana aiki a ko'ina: ina yaron yake daga la'asar zuwa isha, kuma wane babba ne ya san inda yake? A unguwannin Hausawa da can akwai amsa, domin ɗa na kowa ne. Yanzu filin ƙwallon unguwa da yawa an yanka su an yi shaguna.

Gwajin fitsari da sabuwar manhaja

A watan Yulin 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, da shugaban NDLEA suka sanar da cewa sun amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya, a kuma sake duba manhajar sakandare don shigar da ilimin illar ƙwaya. Maganar gwajin ce ta fi ɗaukar hankali, amma ita ce hujjarta ta fi rauni. Wani bincike da masana Jami'ar Michigan suka buga a 2003, wanda ya shafi dubban ɗalibai, bai ga bambanci a shan ƙwaya tsakanin makarantun da ke gwaji da waɗanda ba sa yi ba. Kundin UNODC ma ya sa gwajin ba-zata cikin abubuwan da ba a ga amfaninsu a rigakafi ba. Sannan akwai abin da zai biyo baya: idan gwaji ya nuna yaro yana sha aka kore shi, an mayar da shi ne cikin miliyoyin can da ke waje, inda mai sayarwa yake.

Gyaran manhajar shi ne ya fi muhimmanci, kuma a nan ne za a iya maimaita kuskuren DARE cikin sauƙi. Hanya mafi arha ita ce a ƙara babi a littafin ilimin zaman ƙasa: ma'anar ƙwaya, ire-irenta, illolinta guda biyar. Malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Za a samu ɗalibin da ya ci maki 90 a darasin illar kodin da kwalba a jakarsa.

Hanyar da aka gwada a makarantun nan 32 ta fi wahala. Tana buƙatar a cire malami daga aji na kwana uku a horar da shi, a buga wa kowane ɗalibi littafin aiki, a samo gurbi 12 a jadawalin da lissafi da Turanci suka riga suka cika. Tana buƙatar aji da za a iya raba shi rukuni-rukuni a ji bakin kowa, alhali a makarantun gwamnati da dama a Arewa ɗalibai kan haura 100 a ɗaki ɗaya, wasu a zaune a ƙasa. Makarantun gwamnatin tarayya da aka yi gwajin a cikinsu ba su wuce ɗari da 'yan kai ba a duk faɗin ƙasar. Sauran dubban makarantun na jihohi ne da na masu zaman kansu, kuma kwamishinonin ilimi na jihohi ne za su yanke ko za a ware kuɗin horon malamai a kasafin baɗi.